Tashi daga layin farawa a tseren otokuros: yadda ake sakin kuloci ba a ƙona taya ba

Ranar da na fara shiga tseren otokuros, babu abin da ya cika mini kai kamar yadda zan tashi. Da mai sallamar motoci ya sauke hannu, na kai juyin inji kusan dubu shida, na zare ƙafa daga kuloci lokaci guda. Tayoyin baya suka ɗau kuka, hayaƙi ya turnuƙe, bayan motar yana ta rawa, amma ita kanta da ƙyar take matsawa. A raina na ce yau na burge. Da aka kafa sakamako sai na ga wani dattijo mai mota irin tawa sak ya riga ni da sakan bakwai, alhali ko kukan tayarsa ban ji ba sa'ad da ya tashi. Mai sallamar ya same ni a inda na ajiye mota yana kakkaɓe tsakuwa daga ƙafar wandonsa, ya ce, "Samari, agogo bai san ka yi hayaƙi ba. Ni ne na sani." Bai ƙara komai ba ya koma bakin aikinsa.

Ga wanda bai san wasan ba: fili ake samu mai faɗi, galibi wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama, a shata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da turakun roba masu ruwan lemo. Mota ɗai-ɗai ke shiga, kowa da agogo yake tsere. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun kuma ba ya cika haura na babbar hanya. Duk turken da ka kayar ko ka ture daga gurbinsa, a ƙara maka sakan 2. A Amurka ƙungiyar masu tseren motoci ta SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce uwa a wannan harka, sunan da take kiran wasan kuwa Solo. A Ingila da ƙasashen Turai idan aka ce otokuros tsere ne a kan ƙasa ko ciyawa, wannan dabam ne, ba shi nake nufi ba.

Abin da ya kamata a ce an faɗa mini tun ranar farko shi ne, agogo ba ya farawa da hannun mai sallama. Akwai na'ura a gefen hanya da ke harba zaren haske daga wannan ɓangare zuwa wancan, 'yan mitoci gaba da inda ka tsaya. Sai motarka ta yanke wannan hasken lokacinka zai fara ƙirguwa. Hannun mai sallama izini ne kawai, yana ce maka hanya ta kuɓuta. Saboda haka saurin zabura ba ya ƙara maka komai. Abin da ke da amfani shi ne gudun da kake kai a daidai lokacin da ka yanke hasken, da kuma ko tayoyinka sun kama ƙasa a wannan lokacin ko suna juyawa a banza.

Bari mu yi lissafi kaɗan, don shi ya kwantar mini da hankali. A ce tsakanin layi da hasken mita 10 ne. Motar da ta tashi da kyau, tana ƙara gudun kilomita 18 cikin awa a kowane sakan, za ta yanke hasken tana kan kilomita 36. Wadda ta tashi a hankali, tana ƙara 14, za ta yanke shi tana kan 32. Idan daga nan akwai mita 20 kafin kwanar farko, kuma bayan hasken duka biyun suna ƙara 18, bambancin da ke tsakaninsu wajen ɗaya bisa goma na sakan ne kawai. Turke ɗaya ya ninka wannan sau ashirin. Ba ina cewa ɗaya bisa goma ba komai ba ne. A wannan wasan ana cin kofi da ƙasa da haka. Amma sabon shiga da ke zubar da sakan biyar a kwanoni, in ya kwana yana tunanin tashi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Masu shata hanya ma sun san halinmu. Da gangan sukan sa kwana mai tsauri dab da layin farawa, wani lokaci ma kafin hasken, don kada kowa ya ga amfanin fizgar mota. Don haka aikin tashi tun wajen zagayen ƙafa yake farawa, da safe, sa'ad da aka ba kowa dama ya taka hanyar ya gan ta. Ni nakan daɗe a wurin farawa fiye da yawancin mutane. Nakan ƙirga taku nawa ne daga layi zuwa hasken, in duba ina turken farko yake, in goga tafin takalmina a ƙasa in ji ko akwai yashi. Nakan duba ko akwai fentin layin ajiye motoci a daidai inda tayoyina masu ja za su tsaya, domin fenti ya fi kwalta santsi, balle in an yi yayyafi. Siminti ya fi yawancin kwalta kamu. Gasar ƙasa ta SCCA, wadda tun 2009 ake yi a filin jirgin sama na Lincoln a jihar Nebraska cikin watan Satumba, direbobi sama da dubu na zuwa, a kan siminti ake yin ta. Juyin injin da zai sa taya sulɓi a tsohuwar kwalta, a irin wannan ƙasa yana iya shaƙe motar.

Yanzu batun taya. Mutane da yawa sun ɗauka ko dai taya ta kama ko ta zame, babu tsakiya. Ba haka ba ne. Taya ta fi ja sa'ad da take juyawa da ɗan sauri fiye da tafiyar motar, kamar kashi 10 cikin 100, ko ƙasa ko sama kaɗan, gwargwadon irin tayar da irin ƙasar. A kunne, wannan shi ne ɗan gajeren "ƙiii" da za ka ji ya ɗauke nan take. In ta wuce haka, kamun ya fara raguwa, robar ta yi zafi ta narke a sama, motar tana kuka ba ta tafiya. Abin da kake nema ke nan: ɗan tari ɗaya daga taya, sannan shiru.

Ga yadda nake yi da motata, ƙaramar mota mai jan baya, wato tayoyin baya ke tura ta, mai giyar hannu, injinta ba wani ƙarfi gare shi ba. Ina isowa layi, nakan bi hannun mai sallama har ya ce tsaya, in tsaya a nan. Ba na sa giya sai motar da ke gabana ta yi nisa, don riƙe kuloci a ƙasa na tsawon lokaci wahalar da shi ne kawai. In miƙe sitiyari. Wannan yana da muhimmanci, domin kamun taya ɗaya ne, in ka raba shi tsakanin ja da juyawa kowanne zai samu kaɗan. In mai sallama ya yarda, gara ka karkata motar gaba ɗaya ta fuskanci kwanar farko tun wajen tsayawa, da ka tashi da sitiyari a murɗe. Daga nan in ɗaga kuloci har dab da inda yake fara kamawa, in kai inji wajen dubu uku in riƙe shi a nan, ba ina zuga shi sama da ƙasa ba. Idona ba ya kan agogon inji, yana can kan turke na biyu ko na uku. Kunne ke gaya mini juyin.

Da an ba ni hannu, sai in saki kuloci da sauri amma ƙafata na tare da shi, ba zarewa gefe zan yi ya buga da kansa ba. Duka-duka rabin sakan ne ko ƙasa da haka. A daidai lokacin ƙafar dama tana shiga totur, tana bin sa kamar mai matse soso, har sai kuloci ya gama kamawa sannan in kai shi ƙasa. Ƙafafun biyu kamar ma'auni suke, wannan na sama wancan na ƙasa.

Wannan dubu ukun nawa ne, ba naka ba. Motar da ke da babban inji tana iya tashi daga ɗan sama da tsayuwar inji kawai. Hanyar gano naka ita ce ka fara daga ƙasa. A zagayen farko tashi kamar mai sauri a fitilar kan titi. In motar ta yi nauyi, juyin ya faɗi, ta ja numfashi kafin ta tafi, to a zagaye na gaba ƙara ɗari uku ko ɗari biyar. In taya ta yi kuka mai tsawo, rage. Abu ɗaya za ka canja a kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka kuma tuna cewa ƙasar ba ta tsayawa yadda take. Da safe taya sanyi gare ta, wurin farawa kuma da ƙura. Zuwa zagaye na uku taya ta ɗumama, motoci da dama sun share wurin sun bar roba, sai ka ga abin da ya zame ɗazu yanzu ya kama.

Kuskure biyu ne, shaƙewa da sulɓi, kuma in dole sai ɗaya, ni na fi son ɗan sulɓi kaɗan a mota mai ƙaramin inji, don injin yana nan a inda ƙarfinsa yake. Amma kada ka gyara shaƙewa da riƙe kuloci rabi-rabi kana danna totur. Warin da za ka ji daga baya, kamar an ƙona gashi, kuɗinka ne ke tashi.

Me za ka yi in taya ta riga ta ɓalle? Kada ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, motar za ta dunƙura gaba, kamun ya dawo da ƙarfi, ka sake farawa daga tushe. Sassauta totur kaɗan, kamar kaurin yatsa, ka ji tayar ta kama, sannan ka koma. Sai dai akwai hali ɗaya da ba a ciniki da shi. In ka ji motar na jijjiga da ƙarfi, dum-dum-dum, kamar ana dukan ƙasanta da guduma, to taya ce ke tsalle, tana kamawa tana saki sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Kowane kamu duka ne a kan shaf da aksul da ƙafafun inji. Nan take ka taka kuloci ko ka saki totur. Na taɓa ganin wani ya nace a cikin wannan hali, aka ji "ƙas", mota ta tsaya cak taku biyar daga layi, shaf ya karye. Da ita ya zo, da ita kuma ya yi niyyar komawa gida. Garin neman gira ya rasa ido.

Masu jan gaba, ku aikinku ya fi wuya, kuma ba laifinku ba ne. Duk motar da ta zabura, nauyinta baya yake komawa. Mota mai kilo 1,100, wadda tsakiyar nauyinta ke rabin mita daga ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma mita 2.3, in ta tashi da ƙarfin motar farko a lissafinmu na ɗazu, wajen kilo 120 ke barin gaba ya koma baya. Ga mai jan baya wannan kyauta ce, an ƙara danne tayoyin da ke aiki. Ga mai jan gaba an sauke musu kaya ne a lokacin da suka fi bukatarsa. Saboda haka ku fara da juyi ƙasa da nawa, ku ɗan ja lokaci wajen sakin kuloci, kada ku kai totur ƙasa sai motar ta fara mirginawa sosai. In motarku irin wadda taya ɗaya kan zame ta bar ɗayar ce, miƙe sitiyari ya zama wajibi, don tayar cikin kwana ita ce ke fara ɓallewa.

Masu jan ƙafa huɗu kuwa matsalarsu akasin haka ce. Tayoyin ba sa zamewa, to ƙarfin dole ya sami inda zai huce, in ba a kuloci ba, a haƙoran giyabos. Kada ku buga kuloci. Ku bar shi ya ɗan zame na ƙiftawar ido, shi ya fi araha a cikin kayan da ke layin.

Mai otomatik, taka birki da ƙafar hagu, ɗaga juyi kaɗan da ta dama, saki birki in an ba ka hannu. Sakan ɗaya ko biyu ya isa, domin riƙe ta a haka yana dafa man giya. Sababbin motoci da yawa suna da tsarin tashi na kwamfuta, kuma yana aiki, amma an tsara shi ne don miƙaƙƙiyar hanya. In kwana na nan taku goma gabanka, zai kai ka can da gudun da ba ka da inda za ka kai shi. Na'urar hana sulɓi kuma, shawarata ga sabon shiga ya bar ta a kunne a zagayen farko, sai ya ji tana katse masa ƙarfi a inda ya san akwai kamu sannan ya rage ta.

Giya ta biyu: yawancin hanyoyin otokuros da ita ake gama su. Ka yanke tun wajen zagayen ƙafa a ina za ka sa ta, ya zama wuri ne da sitiyari ke miƙe. In kwanar farko ta yi kusa, sa ta da wuri ka huta, hannunka biyu su koma kan sitiyari.

Akwai wurin da duk wannan lissafin ke canjawa, wato gasar ProSolo ta SCCA. A can motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a hanyoyi biyu masu kama da juna kamar hoto a madubi, fitilu ke sallamarsu irin na tseren miƙaƙƙiyar hanya, kuma jinkirinka bayan koriyar fitila yana cikin lokacinka. In ka riga ta, jar fitila ta kama, zagayen ya lalace. Can kam tashi rabin yaƙi ne. Amma wanda bai iya tashi cikin natsuwa a Solo ba, fitilu ƙara rikita shi za su yi.

To, sai batun ladabi, wanda a ganina ya fi duk abin da na faɗa nauyi, kuma ban gane shi sosai ba sai da aka sa ni aikin sallama. A wannan wasan kowane direba ma'aikaci ne. In rukuninka ba ya tsere, kana can cikin fili kana tayar da turaku ko kana wani aikin. Mai sallama yana tsaye taku biyu ko uku daga motarka. Bayanka akwai wata motar tana jira, gilashi a sauke. Tayar tsere mai ɗanko tana tsince tsakuwa a hanyarta ta zuwa layi, in ka sa ta juyawa a banza, baya take watsa su, a ƙaurin mutum, a fenti da gilashin motar wani. Na sha wannan ruwan tsakuwa sau da yawa a rana ɗaya, har na gane me ya sa mutumin nan ya tako ya same ni a ranar farko.

Babu wanda zai ɗaga gira don tayarka ta yi ɗan kuka wajen tashi, ko don ka kuskure sau ɗaya ta zame. Kowa ya yi. Abin da ba a so shi ne na ganganci: ka tsaya kana ƙona taya wai kana ɗumama ta, ko ka riƙe totur bayan ka san ta ɓalle don 'yan kallo. Ɗumama taya ta wannan hanya a layin jira ko wurin ajiye motoci haramun ne a kusan duk inda na taɓa zuwa. A can tafiyar mota ba ta wuce takun mutum, domin akwai masu yawo a ƙafa, akwai masu kwance ƙarƙashin mota. Jami'in da ke kula da lafiyar fili yana da ikon sallamar mutum gida, kuma ba ya bukatar dogon bayani.

Babban dalilin kuwa shi ne filin ba namu ba ne. Aro ne ko haya, daga makaranta ko filin wasa ko hukumar filin jirgi, kuma mai shi ba ya samun abin kirki daga gare mu. Ranar Litinin zai zo ya ga baƙaƙen layuka biyu a kwaltarsa, ko maƙwabta su kira shi a kan ƙara, sai ya tambayi kansa me ya sa ma ya yarda. Ƙungiyar da na fara da ita ta rasa fili mai kyau a kan irin wannan. Ba ma a cikin tseren abin ya faru ba. Bayan an tashi ne wani ya fita ƙofa ya fizgi mota a kan titi, lambar tsere na manne a ƙofarsa. Shekara biyu muna tafiya mai nisa kafin a samu wani. Tun daga nan nakan cire lambata kafin in fita, in kuma bi titin unguwar kamar mai ɗauke da ƙwai.

Saura ƙananan abubuwa na bakin layi. Tunda nisa kafin hasken yana ƙara gudu (a lissafinmu, mita 5 na ba ka kilomita 25, mita 10 na ba ka 36), wasu kan yi wayo su tsaya baya da inda aka nuna musu. Mai sallama yana gani, kuma sata ce ko da ƙarama. Tsaya inda aka tsayar da kowa. Kada ka motsa kafin hannu, don mai yiwuwa akwai wanda ya ruga tsakiyar hanya yana gyara turke, kai ba ka hango shi ba. In an ba ka hannu kana da damar jan numfashi ɗaya, amma ba na zama kana gyara hular kwano ba. Ana sakin motoci kusan kowane sakan 20 zuwa 30, jinkirinka yana cin zagayen wasu. Hula da bel da gilashi, duk a gama su tun a layin jira.

In mota ta mutu maka a kan layi, ba abin kunya ba ne, na yi sau biyu, ɗaya ma a gaban mutanen da nake koya wa. Muddin ba ka yanke hasken ba, agogo bai san da kai ba. Tayar da ita, ka dubi mai sallama, ka jira sabon hannu. In kuwa ka ji wani abu ya karye ko ka ga hayaƙin da ba na taya ba, tsaya nan inda kake ka kashe inji. Mutum huɗu za su tura ka gefe cikin minti ɗaya, amma man da ka ja a kan hanya sai an tsayar da kowa an zuba masa garin tsotsewa an share kafin mota ta gaba ta tashi.